An ce ya ragu, amma nawa ne daga cikin nawa?

A watan Yunin 2002 wani ƙaramin birni mai suna Helena, a jihar Montana ta Amurka, ya hana shan taba a wuraren aiki da wuraren taruwar jama'a. Dokar ba ta yi tsawon rai ba, wata shida kacal ta yi kotu ta dakatar da ita. Da yake asibiti ɗaya ne ke karɓar masu ciwon zuciya a duk yankin, ƙirga su bai zama aiki ba. Likitoci suka buɗe kundin kwantar da marasa lafiya, suka tarar a irin waɗannan watanni na sauran shekaru kusan mutum 40 ake kwantarwa saboda bugun zuciya, amma a watannin da dokar ke aiki 24 aka kwantar. Raguwar kashi 40 cikin 100 ke nan. Aka buga sakamakon a mujallar likitocin Birtaniya ta BMJ a 2004, tare da kalmar da ke buɗe wa bincike ƙofar jaridu, wato raguwar tana da ma'ana a ƙididdiga. Labari ya zaga duniya.

Bayan 'yan shekaru sai manyan ƙasashe suka yi irin wannan doka. Sikotilan ta yi a 2006, aka auna a asibitoci tara, aka samu raguwar kashi 17. Ingila ta yi a 2007, aka auna ƙasar baki ɗaya, aka cire raguwar da dama can ake samu kowace shekara, abin da ya saura kashi 2.4 ne, wato kimanin mutum 1,200 da ba su kwanta asibiti ba a shekarar farko. Duka ukun sun ci jarrabawar ƙididdiga. Duka ukun sun nuna hanya guda, cewa hayaƙin tabar wani yana cutar da zuciyar wanda ba ya sha. Amma tsakanin 40 da 2.4 akwai tafiya, kuma kalmar nan ba ta gaya wa mai karatu wanne ya fi kusa da gaskiya ba.

Matsalar ta faro ne daga sunan kansa. Kalmar da masana ƙididdiga suka ɗauka a Turanci, wato "significant", a bakin mutanen gari ma'anarta muhimmi ko babba, shi ya sa da an juya ta zuwa kowane harshe sai ta koma "gagarumar raguwa". A wurin masu ita kuwa tambaya ɗaya tak take amsawa, ita ma 'yar siririya. A ƙaddara babu abin da ya canja, doka ba ta yi komai ba, magani bai yi aiki ba, tsuntsaye suna nan yadda suke. To sau nawa arashi kaɗai zai haifar da bambanci mai girman wanda aka gani, ko wanda ya fi shi? Amsar ita ce lambar da ake kira p. In ta gaza 0.05, wato ƙasa da sau ɗaya cikin 20, sai a ce sakamako ya tsallake.

Wannan ɗaya cikin 20 ba wahayi ba ne. Ronald Fisher, masanin lissafi da ke aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, shi ya yayata shi a 1925 a matsayin iyaka mai sauƙin aiki. Shi ne kuma mai misalin shayin nan da har yau ake koyar da ɗalibai da shi. Wata abokiyar aikinsa ta ce tana iya ganewa ko madara aka fara zubawa a kofi ko ruwan shayi. Sai a jera mata kofi takwas, huɗu an fara da madara, huɗu an fara da shayi, a cakuɗa, a ce ta ware. Hanyoyin zaɓar huɗu daga takwas guda 70 ne, ɗaya ce kawai daidai. In ta ware duka huɗun ba kuskure, mai cinke zai dace da haka sau ɗaya ne cikin 70, sai a fara ɗaukar maganarta da nauyi. In uku ta samu ta kuskure ɗaya fa? Mai cinke zai samu uku ko fiye sau 17 cikin 70, kusan ɗaya cikin huɗu, wannan ba abin kafa hujja ba ne. Lura da abin da gwajin bai faɗa ba. Bai ce ga yadda take ganewa ba, bai ce bambancin ɗanɗanon yana da yawa ba, bai ma tabbatar ba wani ne ya yi mata inkiya da ido ba. Cinke kawai ya raunana.

Mu koma Helena, domin a cikin takardar kanta akwai wata lamba da ba ta shiga kanun labarai ba. Masu binciken, kamar yadda ƙa'ida ta tanada, sun ba da tazarar da raguwar ke iya faɗawa a ciki: daga mutum kusan 32 zuwa ƙasa da mutum ɗaya, 0.3. Ma'ana alƙalumansu sun yi daidai da dokar da ta kusa share bugun zuciya daga garin, sun kuma yi daidai da dokar da da ƙyar ta motsa komai. Abin da ya sa aka kira shi mai ma'ana shi ne ƙarshen tazarar bai taɓa sifili ba, da ƙyar da jiɓin goshi. Ƙaramin gari haka yake, bana 40, baɗi 30, wata shekarar 50, ba tare da kowa ya yi komai ba. Kuma ga wani abu da ba a cika lura da shi ba: a ƙaramin bincike, sai sakamako ya yi girma ainun kafin ya tsallake 0.05. Garuruwan da suka yi doka suka ga ɗan canji kaɗan ba a cika rubuta labarinsu ba. Wanda arashi ya taya shi ne ke isa mujalla, don haka lambar farko da duniya ke ji galibi ta fi gaskiya ƙiba. Ni a ganina wannan ya fi ƙarya haɗari, domin babu wanda ya yi ƙarya, kowa ya bi ƙa'ida.

A babban bincike kuma matsalar juyewa take yi. In mutane sun kai dubbai, ƙanƙanin bambanci ma sai ya tsallake, daga nan sai wasan ya koma kan yadda aka faɗe shi. A 2003 mujallar Lancet ta buga gwajin maganin rage kitsen jini na atorvastatin a kan mutum 10,305 masu hawan jini. Rabi aka ba su maganin, rabi aka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta. Cikin shekara uku da 'yan watanni, mutum 154 a rukunin ƙwayar banza sun samu bugun zuciya ko sun mutu da ciwon zuciya, a rukunin magani kuma 100. Tallan maganin ya rubuta kashi 36 da manyan baƙaƙe, kuma gaskiya ne. Ga wata gaskiyar: daga kashi 3 aka sauko zuwa kusan kashi 2. In mutum 100 irin waɗannan suka sha ƙwayar kullum na shekara uku, mutum ɗaya ne zai tsira daga bugun da da zai same shi, biyu zai same su duk da maganin, sauran 97 dama ba zai same su ba. Ba ina cewa maganin banza ba ne. Mutum ɗaya cikin 100, in ana maganar miliyoyi, rayuka ne masu yawa, kuma ga wanda ya taɓa samun bugun zuciya ribar ta fi haka. Amma wanda aka ce masa "kashi 36" da wanda aka ce masa "ɗaya cikin 100" ba shawara ɗaya za su yanke ba, alhali abu ɗaya aka gaya musu.

Sai kuma tambayar mene ne ma ya ragu. A shekarun 1980 likitoci sun san cewa wanda ya tashi daga bugun zuciya, in zuciyarsa na yawan tsallen bugawa ba bisa tsari ba, ya fi shiga haɗarin mutuwar farat ɗaya. Ga kuma magunguna, encainide da flecainide, da ke daidaita bugawar, ana gani ƙuru-ƙuru a takardar na'urar auna zuciya. Raguwar tsallen ba ta da shakka ko kaɗan. Likitoci da yawa sun gamsu har suna ganin zalunci ne a hana wani majiyyaci maganin don gwaji. Da aka daure aka yi gwajin, wanda ake kira CAST, sai aka dakatar da ɓangaren waɗannan magunguna a 1989: mutum 56 cikin 730 sun mutu a rukunin magani, 22 cikin 725 a rukunin ƙwayar banza. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Layin da ke kan takarda ya miƙe, mai layin ya tafi. Duk sanda aka ce magani ya rage sukari, ko kitse, ko girman ƙari, ma'auni ne ya sauka, kuma saukar ma'auni ba kullum take zama tsawon rai ba.

Wata ƙofar da arashi ke shigowa ta ita ce yawan tambaya. Iyakar ɗaya cikin 20 tana nufin in ka yi tambaya 20 a kan abin da babu komai a cikinsa, ka sa ran ɗaya za ta amsa maka da "eh". Masu gwajin ISIS-2, wanda ya haɗa mutum 17,187 kuma ya nuna a 1988 cewa asfirin na rage mutuwa bayan bugun zuciya, sun nuna wannan da gangan, cikin raha. Suka raba majiyyata bisa burujin da aka haife su a ciki, sai ga shi asfirin bai amfani 'yan Jauza'u da Mizani ba, har kamar ya ɗan cutar da su, alhali ya yi wa sauran burujai aiki sosai. Ba wanda ya yarda taurari ne suka hana ƙwaya narkewa. Amma da an ce "mata masu shekara kaza" ko "masu ciwon sukari" maimakon buruji, da an samu mai ƙirƙiro dalili, da wataƙila an hana wasu magani.

A fagen muhalli abin ya fi wuya, saboda dalili ɗaya: ba a raba duniya biyu a ba rabi ƙwayar banza. Likita yana iya jefa ƙuri'a ya raba majiyyata. Mai ƙirga ƙwari sai dai ya ɗauki abin da magabata suka bari, a inda suka ga damar aunawa, da kayan da suke da su a lokacin. Shekarar da aka fara ƙirga ma tana iya yanke hukunci. In ka faro daga shekarar da damina ta yi kyau ƙwari suka yi yawa, duk abin da ya biyo baya gangara ne. Kuma masu bincike sukan kafa sansani ne a inda dabba ta yi yawa, don can ne ake samun abin nazari, wurin da ya cika maƙil kuwa ya fi kusa da raguwa a kan ƙaruwa ko da ba abin da ya same shi.

Shahararren misali shi ne na Krefeld a Jamus. Wata ƙungiyar masu sha'awar ƙwari, yawancinsu 'yan sa-kai, ta shafe shekaru tun 1989 tana kafa tarko mai kama da ƙaramin tanti. Ƙwaro mai tashi ya bugi yadin, ya hau sama neman haske, ya faɗa kwalbar da ke ɗauke da sinadarin adanawa. Sai su tsiyaye, su ɗora a sikeli, su rubuta nauyi, su ajiye kwalbar. Tarko iri ɗaya, hanya iri ɗaya, shekara 27. A 2017 aka buga lissafin: a wurare 63, dukansu wuraren da doka ta kare, nauyin ƙwari masu tashi ya ragu da kashi 76, a tsakiyar bazararsu ma kashi 82. Masu suka ba su rasa abin faɗa ba. Fiye da rabin wuraren shekara ɗaya kawai aka auna su, don haka layin da ya gangaro an haɗa shi ne daga wurare daban-daban da taimakon lissafi. Nauyi kuma ba ya faɗin wane iri ne ya ɓace, manyan ƙwari kaɗan sun fi dubban ƙanana a sikeli. Kuma yanki ne na ƙasa ɗaya mai noman zamani, ba duniya ba. Sukar tana da tushe, amma ba ta rushe sakamakon ba, domin a 2019 wasu masanan daban, da wata hanyar daban, suna komawa filaye 150 na ciyawa a Jamus kowace shekara daga 2008 zuwa 2017, sun ga nauyin ƙwari ya faɗi da kashi 67. Wannan maimaicin ya fi kowace p ƙarfi a wurina. Da aka haɗa bincike 166 daga sassan duniya a 2020, hoton ya fito da ɗan sauƙi kuma a cakuɗe: ƙwarin tudu na raguwa da kimanin kashi 9 duk shekara goma, na ruwan daɗi kuma a wuraren da aka auna ƙaruwa suke yi, mai yiwuwa saboda tsabtace koguna a Turai da Amurka. Kashi 9 ba ya cika kanun jarida, amma a bar shi ya yi shekara 30, kusan rubu'i ya tafi.

Matsakaici ma yana da nasa ruɗin. Rahoton asusun kare namun daji na WWF na 2024 ya ce ma'aunin dabbobi masu ƙashin baya ya sauka da kashi 73 daga 1970 zuwa 2020, mutane da yawa suka karanta shi a matsayin kashi 73 na dabbobin duniya sun ƙare. Ba haka ma'aunin ke aiki ba. Yana bin garke-garke ne kusan 35,000, yana haɗa saurin canjin kowanne, ba ya tara kawuna. A ƙaddara garke biyu ne kawai, na karkanda 100 da suka koma 10, da na tsuntsaye miliyan ɗaya da ba su canja ba. Irin wannan lissafi zai ba da raguwar kusan kashi 68, alhali dabba 90 aka rasa cikin fiye da miliyan. Wannan ba aibi ba ne ga ma'aunin, don rasa karkanda 90 cikin 100 masifa ce, kuma ita aka gina shi ya nuna. Tambaya ce daban da wadda mai karatu ya zaci an amsa masa.

Batun maniyyi ya zauna a tsakiyar fagagen biyu, na lafiya da na muhalli. Nazarin da Hagai Levine ya jagoranta a 2017 ya tattara tsofaffin bincike ya nuna yawan ƙwayoyin haihuwa na mazan ƙasashen Yamma ya sauka daga kusan miliyan 99 zuwa 47 a kowace mililita tsakanin 1973 da 2011. Gardamar da ake yi har yau ba a kan p ba ce, a kan ko mazan da aka auna a 1975 da na 2005 iri ɗaya ne, da ko ɗakunan gwaji sun ƙirga da hannu ɗaya. Kuma 47 ɗin tana sama da miliyan 16 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a matsayin iyakar ƙasa.

Kada duk wannan ya sa a zaci wanda bai tsallake 0.05 ba shi ne "babu komai". Wannan kuskuren ya yi yawa a cikin takardun masana kansu, kuma shi ne ya fusata masu bincike fiye da 800 da suka sa hannu a wata maƙala a mujallar Nature a 2019 suna neman a daina raba sakamako gida biyu, bayan ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta yi nata gargaɗin a 2016. Dabbar da ta yi ƙaranci tana da wuyar ƙirgawa, ƙirgen da ke da wuya yana da faɗin tazara, mai faɗin tazara kuwa ba ya saurin tsallakewa. Wato daidai lokacin da nau'i ya fi buƙatar ceto ne hujjar raguwarsa ta fi rauni a takarda. Wanda ke da riba a ci gaba da kamun kifi ko fesa magani ya san wannan sarai, kalmar "ba a tabbatar ba" tana yi masa aiki shekara da shekaru. Ban ga alamar za a bar 0.05 nan kusa ba, editoci da hukumomin ba da lasisin magani suna son layin da za su ce wannan ya wuce, wannan bai wuce ba, kuma ban ga laifinsu gaba ɗaya ba. Layi mara kyau wani lokaci ya fi a bar kowa da son ransa.

Akwai kuma raguwar da ba ta bar wa gardama wuri ba. Dalma a jinin Amurkawa ta sauka da kashi 78 tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1990, tana bin sahun cire ta daga man fetur taku bayan taku. Sai ungulayen Indiya. A shekarun 1990 masu lura da tsuntsaye suka fara ganin ungulaye zaune a bishiya wuya a lanƙwashe, daga baya su faɗo matattu. Nau'in nan mai farin baya, wanda a da yana cikin manyan tsuntsaye masu cin nama mafi yawa a duniya, ya ragu da kashi 99.9 tsakanin 1992 da 2007. An zargi ƙwayar cuta, an zargi maganin ƙwari. Amsar ta fito ne daga teburin fiɗa a Pakistan, inda Lindsay Oaks da abokan aikinsa suka buɗe gawarwakin suka tarar da wani farin abu kamar alli ya lulluɓe kayan ciki, alamar ƙoda ta mutu. Waɗanda ke da wannan alama akwai diclofenac a jikinsu, maganin ciwon jiki mai araha da ake yi wa shanu allurarsa, waɗanda suka mutu da wani dalili kuwa babu. Suka ba ungulaye masu lafiya naman dabbar da aka yi wa allurar, suka mutu cikin 'yan kwanaki da irin wannan ciwo. Aka buga a 2004. Lissafin da ya biyo baya ya nuna ko mushe ɗaya cikin 100 bai kai ba ake buƙata ya kasance da maganin don a samu irin wannan faɗuwa, tunda ungulaye taruwa suke yi da yawa a kan mushe guda. A 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka hana amfani da shi ga dabbobi, aka koma wa meloxicam da aka gwada aka ga ba ya kashe su. Faɗuwar ta lafa, amma ungulu ƙwai ɗaya take sakawa a shekara, kuma an daɗe ana samun masu sayen kwalbar da aka yi don mutane suna yi wa shanu allura da ita.